Shafin Baba Makanike: Kafin Ka Fitar da Injin Fijon Mahaifinka

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan Fijo kamar an haɗa baki. Na zaɓi uku. Masu tambaya a kan na'urar sanyaya mota su ƙara haƙuri, tasu amsar na tafe kafin bazara ta kankama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu bara, kuma cikin rabon gado motarsa ta faɗo hannuna, Fijo 504 salun haɗin Kaduna. Ta yi shekara 9 a ƙarƙashin rumfa ba a tayar da ita ba. Mai gyaran jiki ya kusa gamawa, saura inji da giya. Wani makanike ya ce a fitar da injin a sa na Toyota Hiace da giyarsa in huta. Wani ya ce a nemo injin 505 mai injekta. Yayana kuwa ya ce in bar mata nata. Ba kullum zan hau ta ba, sai dai zuwa Sakkwato ko Kaduna jefi-jefi. Maganar wa zan bi?
Mai karatu daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bari.

Yayanka ya fi makanikan nan biyu gaskiya, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka ce wani ya duba injin ba. An yanke masa hukunci ba a saurare shi ba. Zaman shekara 9 ba ya kashe injin 504. Abin da yake yi shi ne ya busar da robobi, ya mayar da ragowar fetur ɗin tanki kamar danƙo, ya sa zoben fistan ya manne, kuma duk waɗannan suna da magani.

Ka zaɓi ranar da ba ka da aiki, a yi abin nan a gabanka. A cire fulogi huɗun, a ɗiga baƙin mai gauraye da kananzir a kowane rami, kamar cokali biyu, a bar shi kwana uku. Za a sami wani yaro mai zumuɗi da zai ɗauko batir ya ce bari a buga kik a ji. Ka hana shi. Da hannu ake fara juya injin da ya daɗe a kwance, a sa sifana a notin fulin karanshaf a ja a hankali. In ya zagaya sau biyu bai cije ba, rabin kuɗinka ya dawo aljihu. Daga nan a kwance notin ƙasa a zubar da tsohon mai, kai kuma ka durƙusa ka kalli abin da ke zuba cikin kwanon. Baƙi mai kauri ba abin damuwa ba ne. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya gauraya da mai, dole a buɗe. In mai lafiya ne, a zuba sabo, a sauya filta, a ba kafireto fetur daga galan, kada a taɓa na tanki, sannan a auna matsin kowace silinda da geji. Lambobi huɗun su zo kusa da juna. Wadda ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, a can ciwon yake.

To ko an sami ciwon ma, a nan ne 504 ta sha bamban da yawancin motocin da yaran yanzu suka koyi aiki a kansu. Injin da ke irin motarka galibi ko dai mai 1,796cc ne ko kuma XN1 mai 1,971cc, kuma dukansu silindarsu ba a jikin bulok aka huda ta ba. Hannun riga ne na ƙarfe, silif muke ce masa, ana zare shi a zura sabo. Ba sai an ɗauki bulok an kai wurin masu boring ba. Ka sayi saitin silif da fistan da zobe, ka ƙara metal, wato beyarin karanshaf, da gasket da taimin cen, a kai kan injin a duba bawul, a wanke karanshaf in ya nema. In aka yi wannan garambawul da hannu mai tsabta, injin ya koma yaro. Abu ɗaya nake roƙo ka sa ido a kai: da zarar an ɗaga kan injin, kada a juya karanshaf sai an danne silif ɗin da noti da faffaɗan wosha. In aka juya haka nan, fistan zai tura silif sama, hatimin da ke gindinsa ya motsa, a haɗa inji tsaf, bayan mako biyu ka ga kunun gyaɗan nan a sandar auna mai. Injunan 504 da na gani an kashe ta wannan hanya sun fi waɗanda tsufa ya kashe yawa.

Kaya kuma ba za su gagara ba. Masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa ta daina yin salun ɗin tun 1983. Shekara 30 ana zuba mota iri ɗaya a ƙasa ɗaya. Ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ce silif ɗin 504 kake nema, ba wanda zai tambaye ka mene ne shi. Ka dai tafi da tsohon a hannu, a auna, don jabu ya yi yawa.

Yanzu maganar Toyota. Injin Hiace inji ne na kirki, ba ni da abin faɗa a kansa in yana cikin Hiace. Matsalar tana ƙarƙashin motarka. Ka sa a ɗaga ta ka leƙa. Ba za ka ga farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, tana juyi a fili kamar ta sauran motoci ba. Za ka ga wani ƙaton bututun ƙarfe ya taso daga wutsiyar giyabos ya tafi har aksil ɗin baya, an ɗaure shi da notoci, farfelar tana cikinsa a ɓoye. Wannan bututu ƙashin bayan motar ne. Shi ya haɗa inji da giya da aksil suka zama abu guda, kuma a motocin da aksil ɗinsu na baya sanda ɗaya ne, kamar wagon, ta cikinsa ƙarfin tayoyin baya ke tura motar gaba. Giyar Toyota ba ta san da wannan bututu ba, farfelar fili aka yi ta da ita. Ranar da ka sa ta, bututun ya tashi daga aiki, sai ka nemo abin da zai riƙe abin da yake riƙewa.

Ba labari aka ba ni ba, ni na taɓa yin wannan aika-aika, cikin shekarun 1990, a wagon ɗin wani direba da ke jigila tsakanin Kaduna da Jos. Ya matsa, ni kuma ina ganin na iya. Ranar farko muka gane cewa injin Fijo a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 don bonet ya yi ƙasa, na Toyota kuwa a tsaye yake ƙyam. Muka sauke bonet, ya zauna a kan tukunyar iska ya ƙi rufuwa. Muka rage tukunyar. Kwanon mai ya daki ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba, muka yanke kwanon muka yi masa walda. Muka ƙera kujerun inji, muka karkata salansa, muka cire bututun, mai walda ya yi wa aksil hannuwa biyu da bututun ruwa mai kauri. Sati uku muna abu ɗaya. Motar ta tashi, ta yi gudu, har yaran gareji suka yi tafi. Amma da ta kai 80 sai madubin ciki ya fara rawa har ba ka gane abin da ke bayanka, kuros ɗin farfela kuma ba ya wuce 'yan watanni. In ya taka birki da lodi a gangaren da ke saukowa daga Jos, sai bayan motar ya nemi wucewa gaba. Bai kai shekara ba ya sayar da ita da asara. Bai taɓa zagina ba, Allah ya sani, sai dai daga ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Akwai masu yin wannan aure ya zauna, amma su ne masu injin gyaran ƙarfe da na'urar daidaita farfela, kuma kuɗin da za su caje ka ya isa ka yi wa injin mahaifinka garambawul ka sami canji.

Injin 505 kuwa sai an bambance. Wasu 505 ɗin XN1 ɗin nan ne dai a cikinsu, ɗan uwan naka uwa ɗaya uba ɗaya. In aka buɗe naka aka tarar bulok ya tsage, irin wannan za ka nema, zai zauna ba tare da rigima ba. Wanda makanikenka ke nufi, mai injekta, galibi na wani gida ne daban, wanda Peugeot da Renault suka yi tarayya a kansa a masana'antar Douvrin da ke Faransa, mai 1,995cc ko 2,165cc, duk jikinsa alminiyom, bel ne ke juya kam ɗinsa a maimakon cen. Babban, na GTI, yana ba da ƙarfin doki wajen 130, naka kuma bai kai 100 ba. Daɗin tuƙi kam akwai. Sai dai ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da bakin giyarsa, da kujerunsa, da famfon mai mai matsi, da bututun mayar da fetur tanki, da na'urar auna iska, da birenbos, wato kwamfutar injin, da damin wayoyin da suka shekara kusan 40 suna shan zafi. Ranar da ya ƙi tashi tsakanin Talatar Mafara da Tureta, wa zai duba maka? Kafireton Solex ɗin da ke kan naka, duk garin da ka tsaya akwai dattijon da zai wargaza shi a kan buhu ya haɗa kafin la'asar.

In kuma an ce maka injin ba shi da ƙarfi, ka tuna cewa da 504 mai injin lita 2 direban tsere Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975. Na tseren an ƙara masa wuta, gaskiya ne, amma gidansu ɗaya da naka. Kai da za ka je Sakkwato ɗaurin aure, me za ka yi da abin da ya fi haka?

Inda nake so ka kashe kuɗi, in akwai, shi ne giya. Giyar 504 mai huɗu, BA7, ba ta da laifi illa ɗaya: a doguwar hanya tana sa inji ihu. A giya ta huɗu inji da farfela juyi ɗaya suke yi, don haka a gudun kilomita 100 injin salun na zagaya kimanin sau 3,300 a minti. Giya mai biyar ta gidan, BA7/5, wadda ake samu a 505 masu irin injinka da kuma 504 na baya-baya, za ta sauko da shi wajen 2,800. Za ka ji bambancin a kunnenka, ka gan shi a allurar zafi da kuma gidan mai. Amma ta fi mai huɗu tsawo, saboda haka kada ka sayo ta tsirara. Ka saye ta da bututunta da farfelarta da sandar sa giya, daga mota ɗaya, kuma kafin ka biya a sa tef a auna daga wutsiyar giya zuwa aksil a kwatanta da taka. In ta mahaifinka giyar sitiyari ce, to ka sani mai biyar a ƙasa take, sai an huda ƙasan motar. Ni da tawa ce mai giyar sitiyari, ba zan huda ta ba, don yanzu ba kowa ke da ita ba, kuma rabin kwarjinin motar ke nan. In dama giyar ƙasa ce, bismilla.

Wajen sayen giyabos na hannu, ka ce a kwance notin zubar da mai a gabanka. Ɗan laushin garin ƙarfe ba komai, amma in ka murza da yatsa ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ƙyalli ruwan zinare da yawa, zoben da ke daidaita giya ya cinye, ka ajiye musu kayansu. Ka kama sandar gaba ka girgiza, ka shiga kowace giya kana juyawa da hannu kana saurare. In mai kaya ya ce ba a buɗe masa noti, ka yi masa sallama. Sannan wani abu da ke ba mutane mamaki: baƙin man inji ake zuba wa wannan giyabos, haka masu ita suka tsara. Man giya mai kaurin nan na aksil ne. Wanda ya cika BA7 da shi zai yi ta kokawa da giya ta biyu duk safiyar hunturu yana zagin motar.

Ragowar kuɗin ka kai su lagireto. A wanke shi ko a sauya saƙarsa, a sa sabon famfon ruwa da sababbin tiyo, kuma a mayar da tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, in an cire, don kusan tabbas an cire. Kan injin alminiyom ne, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi.

In duk da haka ƙaddara ta sa sai an sauya inji, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon, ka je ofishin lasisi a gyara takardu, kada wata rana a shingen hanya lambar takarda da ta bulok su saɓa ka kwana kana bayani. Tsohon kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka zuba masa mai, ka rufe shi da leda a lungun gida. Lambar da ke jikinsa ita ce a takardar da mahaifinka ya sa wa hannu.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ina da 504 doguwa mai layin kujeru uku, injin fetur, ina gyaranta don kai iyali ƙauye da ɗaukar kayan gona. An yi mini tayin injin gazuwal na Fijo. In karɓa?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Barka kadai, Malam. Tambayarka ta fi ta ɗan'uwanmu na Gusau sauƙi, don motarka ta aiki ce, kuma injin da aka yi maka tayi ɗan gida ne. In XD2 ne, mai 2,304cc, doki wajen 70 gare shi. Ba ya sauri, amma yana ja daga ƙasa, kuma a yashi da lodi abin da ake so ke nan.

Sharaɗina ɗaya ne: ka sayi mota sukutum wadda ta mutu da injin a cikinta, ko aƙalla ka tsaya a kwance maka komai daga mota ɗaya. Injin gazuwal ba ya tsotsar iskar da ke taimakon birki kamar na fetur, yana da famfonsa na musamman, in babu shi feda za ta zama dutse. Ya fi nauyi, don haka sifirin ɗin gaba nasa daban ne. Yana son babban batir da kik ɗinsa, da wayar hita, da filtar da ke raba ruwa da mai, da bututun mayar da mai tanki, da lagireto mai faɗi. Juyinsa kuma bai kai na fetur ba, saboda haka a duba haƙoran aksil ɗin da ya zo da su, in ba haka ba ka ga kana 90 inji na kuka kamar zai fito.

Ka je ganin injin da sassafe, ka ɗora tafin hannu a kansa ka tabbatar da sanyi yake, don mai sayarwa ya san dabarar ɗumama shi kafin ka iso. A tayar a gabanka. Ka buɗe murfin lagireto tun yana sanyi ka zuba ido: in ruwan na fitar da kumfa ba ƙaƙƙautawa, kan injin ya tsage ko gasket ya tafi, kuma tsagewar kai ita ce cutar wannan inji in ya taɓa tafasa. Daga nan ka zauna da biro ka lissafa kilomita nawa kake yi a shekara da farashin lita a garinku. In motar sau biyu take fita a wata, ribar man ba za ta biya kuɗin aikin ba ko a shekara 5, gara ka gyara na fetur ɗin.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce mai ritaya. 504 ɗina da bashin mota na saye ta ina aiki, kuma ba na son rabuwa da ita. Yanzu gwiwar hagu ta hana ni taka kuloci. Za a iya mayar da ita otomatik?
Hajiya, daga Zariya

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Za a iya. Peugeot ta fitar da 504 da 505 masu otomatik na kamfanin ZF na Jamus, mai giya uku, wanda ba ruwansa da kwamfuta, mai ne da waya ɗaya da ke haɗe da totur. In aka samo shi daga mota mai irin injinki, da tukunyarsa, da farantin da ke maye gurbin filawil, da bututunsa da farfelarsa, da sandar zaɓen giya, da abin sanyaya mansa, aikin mako guda ne. A duba man kafin a saya: ja ne mai haske in lafiya, in ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna a bar shi. Za ta ƙara shan fetur, za ta rage kuzari a tashi, kuma ki sani daga ranar an daina tura ta ta tashi. Batir ya mutu a Tudun Wada, ko samarin unguwa goma suka taru ba abin da za su iya, sai an kawo wani batir.

Amma kafin ki kai ga nan, ki ba ni mako ɗaya. Kulocin 504 da mai yake aiki, kamar birki, kuma mai lafiya ba shi da tauri. Yawancin waɗanda ake kawo mini da kukan tauri, faranti ne ya tsufa, ko an sa na wata mota, ko cokalin da ke tura shi ya bushe ba giris, ko tiyon man ya kumbura ta ciki. Ki sa a sauya faranti da diski da beyarin, a sa sababbin famfunan kuloci na sama da na ƙasa, a shafa giris inda ya kamata. Sannan ki zauna ki taka sau goma a jere. In gwiwar ta yarda, kin tsira da kuɗinki da motarki yadda kika san ta. In ta ƙi, ki sake rubuto mini, ki haɗa da hoton farantin lambar da ke ƙarƙashin bonet, in gaya miki wace irin 505 za a nema a cire mata.